Filafili Ashirin, Ganga Ɗaya

  

Yau zan ɗauke ki daga tsakar gida in kai ki bakin ruwa. Na san wata za ta ce me ya haɗa ta da kwale-kwale, ita da ko rafin garinsu ba ta taɓa tsallakawa ba. Ki yi mini haƙuri ki biyo ni, don maganar ta mata ce, kuma ta shafi yadda muke riƙe junanmu idan ciwo ya shigo gida.

A ƙasashe irin su Kanada da Ingila da Ostireliya akwai wata hanya da ake tara kuɗin taimako da ita, wato tseren kwale-kwale. Ma'aikatan ofis ɗaya, ko iyayen yaran makaranta ɗaya, ko maƙwabtan unguwa, sai su haɗa ƙungiya su biya kuɗin shiga. Kowannensu ya bi dangi da abokai yana neman gudummawa da sunan tseren. Abin da aka tara sai a miƙa wa asibiti, ko gidan kula da masu jinya, ko masu binciken wata cuta. A birnin Landan akwai wanda ake yi a kan kogin Thames tun shekarar 1988, tafiyar fiye da kilomita 30, kuma da yawa daga cikin ɗaruruwan jiragen da ke shiga don tara kuɗin agaji suke yi.

Idan kika saurari waɗanda suka taɓa shiga irin wannan tsere, za ki ji suna yawan komawa kan abu guda. Kofin da aka ci da kuɗin da aka tara sukan zo daga baya a labarinsu. Abin da ya fi tsaya musu a rai shi ne wani ɗan lokaci a tsakiyar ruwa da suka ji kamar su duka jiki ɗaya ne. Wannan jin nake so mu duba yau: daga ina yake zuwa, kuma me ya sa ya iya ɗaga wasu mata daga shimfiɗar jinya.

Yadda jirgin yake

Wanda aka fi amfani da shi a irin waɗannan tarurruka shi ne dogon kwale-kwalen Sinawa, mai kan dodon almararsu da ake kira diragon a gaba, da jelarsa a baya. Tsawonsa ya kai kimanin mita 12, amma siriri ne, faɗinsa bai wuce zaman mutum biyu ba. Masu tuƙi ashirin ne, bibbiyu a kan benci goma, kowa da filafilinsa ɗaya, suna fuskantar gaba. A can goshin jirgin mai ganga ce zaune, ta juya wa hanya baya tana kallon masu tuƙi. A ƙarshen baya kuma akwai mai saita jirgi, a tsaye, riƙe da wani dogon filafili. Duka-duka mutum 22.

Kowane wuri da aikinsa. Biyun da ke bencin farko su ke yanke saurin da za a bi, don haka akan zaɓi masu natsuwa, waɗanda ba sa rikicewa ko da jirgin abokan hamayya ya matso. Mai ganga ido take zuba wa waɗannan biyun, ta mayar da motsinsu sauti, don na bencin goma da ba ta hango su sosai ta ji a kunnenta. Na tsakiya akan sa masu ƙarfi da nauyi, su ne injin jirgin. Na baya kuwa ruwan da ke iso musu ya riga ya hautsine saboda filafilan gaba, yana gudu, sai mai iya kama shi da sauri. Mai saitawa ita kaɗai ke ganin hanya gaba ɗaya, kuma idan ta ba da umarni babu musu, domin tsaron jirgin a hannunta yake.

Tseren kansa gajere ne. An fi yin mita 200 ko 500, kuma mita 500 ba ta cin fiye da 'yan mintuna. Sai dai a cikin waɗannan mintuna babu inda mutum zai ɓuya.

Ga abin da ke ba sababbin shiga mamaki. A jirgin nan, mai ƙarfin da ta saɓa lokaci cikas ce. Idan ta riga sauran tsoma filafili, ita kaɗai za ta ɗauki nauyin jirgin na ɗan lokaci, ta gaji a banza. Idan ta makara, filafilinta zai zama birki, ko ya bugi na gabanta, ruwa ya fantsamo wa kowa. Idan kowace ta ɗan makara kaɗan a kan ta gabanta, sai ki ga filafilan suna shiga ruwa ɗaya bayan ɗaya kamar ƙafafun shanshani, jirgin yana tangaɗi, ana ta wahala ba a ci gaba. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne a ga ƙungiyar ƙarti majiya ƙarfi ta sha kashi a hannun ƙungiyar dattawan mata da suka daɗe suna atisaye tare.

Amma idan filafili ashirin suka shiga ruwa a bugu ɗaya suka fita a bugu ɗaya, goshin jirgin yakan ɗan ɗaga, ya fara sulɓi, nauyin da kowa ke ji a kafaɗa ya ragu. Ƙarar ruwan ma takan koma guda ɗaya. A nan ne mace ke daina jin nata hannun daban da na maƙwabciyarta.

Asalin abin

Wannan tsere tsohuwar al'ada ce a kudancin ƙasar Sin, ana yinsa ranar biyar ga wata na biyar a kalandarsu ta gargajiya, lokacin bikin da suke kira Duanwu. Labarin da suka gada yana cewa wani mawaƙi kuma bafade mai suna Qu Yuan ya faɗa kogin Miluo a shekara ta 278 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), saboda baƙin cikin halin da ƙasarsa ta shiga. Mutanen gari suka ruga cikin kwale-kwale suna buga ganguna suna nemansa. Ko a labarin asalinsa ke nan, tuƙin don ceton wani aka yi shi.

A shekarar 1976 Hong Kong ta fara shirya gasar ta ƙasa da ƙasa, daga nan wasan ya bazu. Ya isa birnin Vancouver na ƙasar Kanada a 1986, lokacin wani babban baje kolin duniya da aka yi a can. Shekara goma bayan haka, a wannan birni, aka yi abin da ya sa na kawo miki maganar.

Matan da aka ce kada su ɗaga hannu

Idan aka yi wa mace tiyatar sankarar mama, sau da yawa akan cire wasu daga cikin ƙwayoyin kaluluwar da ke hammatarta, domin ta nan cutar ke fara yaɗuwa. Waɗannan ƙwayoyi su ne matatar wani ruwan jiki da ke bin ƙananan hanyoyi ban da na jini. Idan aka cire su, ko aka gasa wurin da na'ura, ruwan yana iya taruwa, hannu ya kumbura ya yi nauyi, wani lokaci na tsawon rai.

Saboda tsoron wannan kumburi, shekaru da dama likitoci suna ce wa irin waɗannan mata kada su yi wani aikin ƙarfi da hannun nan. Kada su ɗauki kaya mai nauyi, kada su yi ta maimaita motsi ɗaya. Ki auna abin a jikinki. An ce kin tsira da ranki, amma ba ɗaukar jika, ba ɗaga bokiti, ba aikin da kika saba. Mace tana raye amma an mayar da ita kamar ƙwai a cikin cokali.

Wani likitan wasanni a Jami'ar British Columbia, Dokta Don McKenzie, ya duba ya ga babu wata gamsasshiyar hujjar bincike a bayan wannan hani. A shekarar 1996 ya nemi matan da suka yi jinyar sankarar mama su zo a gwada, mata 24 suka amsa. Ya zaɓi kwale-kwalen diragon da gangan, domin shi ne ainihin abin da aka hana su: aikin ƙarfi da hannu da kafaɗa, ana maimaitawa ba iyaka. Ba a jefa su ruwa rana ɗaya ba. Sun fara da motsa jiki a tudu, ana ƙara nauyi sannu a hankali, ana auna hannuwansu, kafin su shiga jirgi. A watan Yunin shekarar suka fito gasar birnin a gaban jama'a.

Babu wadda sabon kumburi ya kama, kuma waɗanda suke da shi tun farko bai ƙaru ba. Likitan ya wallafa bayanin a mujallar ƙungiyar likitocin Kanada a 1998. Daga baya wani bincike mafi girma a Amurka, ƙarƙashin Dokta Kathryn Schmitz, wanda ya fito a 2009, ya nuna cewa ɗaga nauyi da aka fara da kaɗan ana ƙarawa a hankali bai ƙara wa masu kumburin hannu kumburi ba, ya ma rage yawan tashin ciwon. A yau shawarar likitoci ta sauya.

Ta fuskar likitanci an samu amsa, gwaji ya ƙare, kowa sai ta kama gabanta. Matan suka ce ba su san wannan ba. Suka ƙi ajiye filafili. Suka kafa ƙungiya da suna Abreast In A Boat, sunan da ke nufin kafaɗa da kafaɗa a cikin jirgi, kuma kalmar mama ta Turanci tana ɓoye a cikinsa. Daga wannan jirgi ɗaya abin ya yaɗu, yau akwai ɗaruruwan irin waɗannan ƙungiyoyi a ƙasashe da dama. Suna shiga tseren tara kuɗin taimako, suna wayar da kai, kuma duk bayan 'yan shekaru sukan yi babban taro na duniya: Vancouver a 2005, birnin Florence na Italiya a 2018, tafkin Karapiro na ƙasar New Zealand a 2023.

Me ya hana su tafiya? Ki tuna halin da mai irin wannan jinya take ciki. Wata da watanni ita ce abar tausayi. Duk wanda ya shigo sai ya sassauta murya, ya kalle ta da ido mai ruwa. Ita ake yi wa, ba ta yi wa kowa. A cikin jirgi kuwa babu mai tambayarta ya jiki. Ana bukatar hannunta ne, yanzu, a kan bugun nan. Idan ba ta zo atisaye ba bencinta zai zama wofi, jirgin ya karkata gefe guda, abokiyar zamanta ta ji a jikinta. Ta tashi daga wadda ake ɗauka ta koma ɗaya daga cikin masu ɗauka. Ga kuma mata goma sha tara da ba sai ta yi musu bayanin zubewar gashi ko fargabar ranar komawa awo ba, duk sun bi ta nan.

Abin da jiki ke yi idan an haɗa motsi

Wannan jin na zama jiki ɗaya yana da tushe a halittar ɗan Adam. A shekarar 2009 wasu masana a Jami'ar Oxford ta Ingila, cikinsu akwai Emma Cohen da Robin Dunbar, sun gwada matuƙa 12 na ƙungiyar jami'ar. Suka sa su atisaye a kan na'urar da ke kwaikwayon tuƙin jirgi, wani lokaci kowa shi kaɗai, wani lokaci a rukuni suna haɗa motsi. Bayan kowane zama sai a ɗaura musu abin awon hawan jini a dantse, a yi ta hura shi har mutum ya ce zafin ya ishe shi. Aikin iri ɗaya ne, amma juriyarsu ta fi ƙaruwa sosai a ranar da suka yi tare. Masanan sun danganta haka da sinadarin endofin, wanda jiki ke fitarwa don rage zafi da kawo nishaɗi.

Iyayenmu ba su jira Oxford ba. Ki tuna lugude, mata biyu ko uku a kan turmi ɗaya, taɓarya na sauka ɗaya na tashi, har da jefa ta sama a tafa a cafe. Dakan da zai karya bayan mace ɗaya sai ya zama abin raha, kuma duk wadda ta saɓa lokaci taɓare za su yi karo. Ki tuna aikin gayya, yadda ake kiran makaɗa gona don garemani su riƙa sauka tare. Mutanen Yawuri da ke bikin Rigata a kan kogin Neja, da masu tseren kwale-kwale a bikin kamun kifi na Argungu, sun san wannan a cikin ruwa ma. Gangar da ke goshin jirgin Sinawa da gangar noma aiki ɗaya suke yi.

Abin lura a nan shi ne tsarin da abin ke bi. Mu mun saba ɗauka cewa sai an so juna, an fahimci juna, sannan a iya aiki tare. A cikin jirgi sau da yawa akasin haka ne. Mata ashirin da ba su san juna ba, wata mai kuɗi wata talaka, wata mai surutu wata miskila, su zauna su bi bugu ɗaya. Shaƙuwar daga baya take zuwa, motsin ne ke haifar da ita. Ba a tambayar ta kusa da ke ra'ayinta kafin a tsoma filafili.

Furanni a kan ruwa

Kada in bar ki da zaton cewa kwale-kwale magani ne. Ba ya warkar da sankara, kuma matan nan sun fi kowa sani. Cutar takan dawo wa wasu, benci ya zama wofi har abada. Shi ya sa suke da wata al'ada a ƙarshen tserensu. Jiragen da suka gama fafatawa yanzun nan sai su matso su jeru, matan wannan jirgi su riƙe gefen wancan har su zama kamar gada ɗaya a kan ruwa. A yi shiru. Sannan kowace ta jefa fure mai ruwan hoda cikin ruwa don tunawa da waɗanda suka rasu da waɗanda ke kwance. Iyalai a bakin gaɓa su ma su jefa nasu.

Akwai kuma wata gaskiyar. Wanda ya shiga tseren taimako na yini ɗaya yakan ji daɗin haɗin kan nan, a ɗauki hotuna, a miƙa kuɗi, kuma kuɗin yana amfani ƙwarai. Amma zuwa ranar Litinin kowa ya koma harkarsa, jin ya fara dusashewa. Abin da ya riƙe matan Vancouver shi ne atisayen da ba mai kallo, mako bayan mako, a rana sananniya da lokaci sananne, ko ana sanyi ko ana yayyafi. Ranar gasa 'yan mintuna ce kawai a cikin shekara guda ta haɗuwa.

Mu dawo gida

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 an gano sankarar mama a jikin mata kimanin miliyan 2.3, kuma kimanin 670,000 suka rasu. A Najeriya ita ce sankarar da ta fi kama mata, kuma babbar matsalarmu ita ce da yawa ba sa isa asibiti sai abin ya yi nisa. Da wuya a samu wadda ke karanta wannan da ba ta san wata da abin ya shafa ba, ko a dangi ko a unguwa ko a Islamiyya.

Mu ba mu da ƙarancin tausayi. Ranar da aka ji labari gida cika yake, ana ta sallama, kwanukan abinci har ba wurin ajiyewa. Amma jinyar nan doguwa ce. Ƙarin ruwan maganin sankara sau da yawa duk bayan mako uku ake yinsa, na tsawon watanni. Gashi da na'ura kuwa kusan kullum ne na wasu makonni, ga shi na'urorin ba su da yawa a ƙasar nan, sai an yi tafiya wani gari. Zuwa wata na uku ƙafa ta ɗauke. Mu ashirin ne, kowace da niyyarta mai kyau, amma duk mun tsoma filafili a makon farko, sauran tafiyar muka bar ta ita kaɗai da 'yarta ko ƙanwarta. Irin tuƙin shanshanin nan ne, ga ƙarfi ga yawa amma jirgi bai motsa ba.

To me za mu ɗauka daga matan kwale-kwale?

Na farko, a samu mai ganga. A cikin dangi ko ƙawaye a samu mace ɗaya da za ta riƙe lissafi: ranar kaza ce asibiti, wa zai raka ta, wa zai ɗauko yara daga makaranta, wa zai yi tuwon dare. Wayar da ke hannunki ta isa, rukuni ɗaya a WhatsApp ya wadatar. Kuma ki tuna mai ganga ba ta ƙirƙiro saurinta, na bencin gaba take kallo. A nan mai jinyar ce bencin gaba. Idan ta ce yau ba ta son baƙi, an gama magana.

Na biyu, kowace ta san bencinta. "In kina bukatar wani abu ki kira ni" magana ce mai daɗi, amma mai kunya ba za ta kira ba. Gara ki ce, "Yaya, wankin yara na ranar Asabar nawa ne har ki gama magani." Ƙaramin abu da ba ya fashi ya fi babban abu na rana ɗaya. Wadda ba ta da kuɗi tana da ƙafa, wadda ba ta iya fita tana da tukunya. Idan ana adashi, a duba ko za a sa mata ɗauka ta zo daidai da lokacin sayen magani.

Na uku, kuma shi ne wanda muka fi mantawa, a bar mata nata filafilin. Kada a ƙwace mata komai da sunan tausayi. Idan tana iya tsinke zogale a ba ta, idan ita ce mai raba kuɗin adashi a bar mata littafinta, idan ana shawarar auren 'yar ƙanwarta a nemi bakinta. Mace ba ta son ta zama kaya a gidanta. Idan likitanta ya amince, ku riƙa ɗan tattaki tare bayan sallar asuba ko da yamma, a rana tsayayya. Wadda aka yi wa tiyata kuma ta nemi likita ko ma'aikacin gashin ƙashi ya tsara mata motsa hannun, a fara da kaɗan, domin su ma matan Kanada da awo da kulawa suka fara.

Sannan ke kanki, uwargida. Ki san yadda mamanki yake a kullum, don ki gane idan ya sauya. Ƙullutu a mama ko a hammata, kan mama ya shige ciki, ruwa ko jini na fita ba shayarwa kike ba, fatar ta yi kamar ɓawon lemo, duk waɗannan na zuwa asibiti ne ba tare da jira ba, ko da babu zafi. Yawancin ƙullutu ba sankara ba ne, amma awo ne kaɗai ke bambancewa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan tsoro ya hana ki, ki kira 'yar uwa ɗaya ta raka ki, wata rana ke za ki raka ta. Hausawa suka ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Wannan tsari bai tsaya ga sankara ba. Mai jego da ta haifi tagwaye, mai takaba bayan an watse zaman makoki, uwar yaro mai sikila da ke kwana asibiti duk wata, duk jirginsu ɗaya: taron farko ya wuce, doguwar tafiya ta rage. Kafin ki ajiye wayar nan, ki tuno mace ɗaya da ƙafa ta ɗauke daga gidanta, ki kira mutum biyu ko uku, ku tsayar da rana.

Idan a unguwarku ko danginku kuna da wani tsari na karɓa-karɓa da ya yi muku aiki, ki rubuto mana yadda kuke yi, wata za ta ɗauka ta amfana. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya mai ɗorewa, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya bar zumunci. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.